Tsara rundunar jirage masu saukar ungulu a wasan yaƙi

Akwai wasannin yaƙi, na kwamfuta da na kan tebur, da ake ginawa kan tambayar "da a ce". Misali, da a ce sojojin ƙasa na Najeriya sun mallaki nasu jirage masu saukar ungulu tun 1980, yaya za a tsara su? Matashin Ƙofar Durbi a birnin Katsina da ke son shirya irin wannan wasa ba sai ya je nesa neman misali ba, domin filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na nan gabas da gari, kuma sojojin sama suna da sansani a Katsina.

Tambayar farko ita ce, wa ke da iko da jirgin? A Najeriya an kafa rundunar sojojin sama a 1964, kuma jiragen yaƙi irin su Mi-35 na Rasha da T129 na Turkiyya a hannunta suke. Sai a watan Yunin 2024 sojojin ƙasa suka karɓi Bell UH-1H guda 2, zamanin da Laftanar Janar Taoreed Lagbaja ke shugabantar su. Amurka ma ta sha jayayya kan wannan tambaya tsakanin sojojin sama da na ƙasa, har aka yi yarjejeniya a 1966 aka sakar wa sojojin ƙasa jirage masu saukar ungulu. A cikin wasa, bambancin shi ne lokaci. Kwamandan birged da ke da jirginsa umarni kawai zai bayar. Wanda zai nema daga wata runduna kuwa, sai saƙo ya hau ya sauko, kafin nan 'yan bindiga sun shige dajin Rugu.

Sai rabon aiki. Akwai masu ɗaukar soja da masu rauni, akwai masu kai hari, akwai na leƙen asiri. UH-1H na ɗaukar soja goma da 'yan kai, Mi-35 kuma, duk da makamansa, yana da wurin mutum 8. Kada a aika na ɗaukar soja shi kaɗai. A haɗa shi da mai rakiya, kuma a riƙa tashi bibbiyu.

Inda masu shirya wasa suka fi tafka kuskure shi ne lissafi, kuma nan nake so a tsaya sosai. Jirgi 12 a takarda ba 12 ba ne a sama. Kullum akwai wanda aka kwance ana dubawa, akwai mai jiran kayan gyara daga ƙasar da ta ƙera shi. Shawarata, a ƙa'idar wasan a bar 8 su tashi, 4 suna ƙasa. Kowane jirgi a ba shi matuƙa fiye da zubi ɗaya, da makanikai, da tankar mai, da masu gadi. In an tara jiragen Rasha da na Italiya da na Amurka wuri guda, kuɗin gyara ya ninka, tunda kowanne da irin kayansa da horon makanikansa.

Yanayi ma a sa shi. Zafin Afrilu a Katsina na sa iska ta yi sakayau, fukafukan su kasa ɗaga cikakken kaya, dole a rage soja ko mai. Hazon hunturu yana rufe wa matuƙi gani, ƙurar kuma tana cin inji da bakin fukafukai. Jirgin da ya sauka a busasshiyar gona wajen Batsari zai tayar da ƙurar da za ta lulluɓe shi kafin ya taɓa ƙasa.

Lallai kuma wasan ya tanadi ƙa'idar tantance wanda ake shirin kai wa hari. A Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya hallaka masu Maulidi da dama a Tudun Biri, jihar Kaduna. Saboda haka duk ɗan wasan da ya buɗe wuta ba tare da tabbacin sojan da ke ƙasa ba, a zabtare masa maki mai yawa, a kuma dakatar da jiragensa zagaye guda.