Teburin Mai Shayi a Agege da Lissafin Abincin Unguwa

IKKO — Tun kafin a kira sallar asuba mai shayi ya riga ya hura wuta a bakin titi a Agege, ya jera gwangwanayen madara da na Bournvita da Milo, ya tara burodi a gefe ɗaya, kiret ɗin ƙwai a ɗaya gefen. Masu gadi da suka kwana a bakin aiki su ne ke fara zama a kan bencinsa. Daga nan sai 'yan dako da 'yan ga-ruwa da mahautan da za su wuce mayankar Oko-Oba, kafin ma'aikatan da ke sammakon neman mota zuwa Ikeja ko cikin tsibiri su iso. Wanda duk ke son sanin halin da aljihun talakan Ikko yake ciki, to ya zauna a wannan benci na sa'a guda, ya lura da abin da ake saye, da kuma abin da aka daina saye.

Zaman Hausawa a Agege ba na jiya ba ne. Cinikin goro ne ya fara jawo su, domin yankin ya yi suna da gonakin goro tun farkon ƙarni na 20, sa'an nan ga tashar jirgin ƙasa a kan layin da ya tashi daga Ikko ya isa Badun a shekarar 1901, ya kuma dangana da Kano bayan kimanin shekara 10. Huhunan goro su yi Arewa, shanu su gangaro Kudu. A haka Zango ya kafu, da masallatansa da makarantun allo da fatomomi masu saukar da baƙi, har da Sarkin Hausawa. Gonakin goron nan tuni gidaje suka cinye su, amma tsarin cinikin da ya ginu a kansu, wato na amana da bashi da sanin asalin mutum, yana nan a teburin mai shayi da rumfar mai kayan miya.

Jarin mai shayi, in an duba, ba wani mai yawa ba ne: tebur da benci biyu, tukunyar ruwan zafi, kaskon suya, kofuna, da abin hura wuta, ko risho ko gawayi ko tukunyar gas. Abin da ke da nauyi shi ne kayan yau da kullum, kuma kusan dukansu farashinsu a hannun wani yake. Madara da ganyen shayi da sukari na manyan kamfanoni ne. Ƙwai na masu gidan gona ne, su ma kuma farashin masara da waken soya ke juya su. Burodi kuwa alkama ce, alhali mafi yawan alkamar da ake ci a ƙasar nan daga waje ake shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, inda kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda aka kafa a 1960, yake da babbar masana'antarsa. Saboda haka duk lokacin da Naira ta faɗi a gaban Dala, ba a yin mako biyu sai an ji a bakin titin Agege.

Shi kansa burodin yana da tarihinsa. Ana danganta irin wannan burodi mai laushi da danƙo, wanda duk faɗin ƙasar nan ake kira burodin Agege, da wani mutumin Jamaika mai suna Amos Shackleford, wanda ya buɗe gidan burodi a Ikko a zamanin Turawa, ya kuma shigo da injin murza ƙullu da ke ba burodin wannan danƙo nasa. Daga baya gidajen burodi suka yawaita a Agege har sunan unguwar ya bi shi. Idan za a iya tunawa, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 da nufin bunƙasa nomanta a gida, aka janye hanin a 1992 bayan burodi ya nemi ya gagari talaka. An sake shiga irin wannan hali a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin alkama a duniya, har masu gidajen burodi suka yi yajin aiki na 'yan kwanaki a watan Yuli na shekarar. Dabarar da suka fi amfani da ita kuwa sananniya ce ga kowane mai shayi: kafin a ƙara kuɗi sai a fara rage nauyi. Burodin yana nan da tsawonsa a ido, amma in ka matsa shi a tafin hannu sai ka ji iska ka saya.

Shi ma mai shayin haka yake yi, ba don mugunta ba. Ba ya iya sauya farashin kofi kowane mako, domin masu zama a bencinsa mutanen da ya sani ne, ya kuma san abin da suke samu a yini. Abin da yake iya taɓawa shi ne cokalin madara da na sukari. Daga ɓangaren mai saye ma lissafin iri ɗaya ne: wanda ya saba cin ƙwai biyu ya koma ɗaya, mai shan shayi da kauri ya koma ruwan bunu, wani kuma ya ce a yanka masa rabin burodi. Taliyar Indomie, wadda aka fara yi a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, ita ce ta sauya fasalin sana'ar baki ɗaya, ta mai da teburin karin kumallo wurin cin abincin dare, ta yadda cinikin bayan sallar isha'i a wurare da dama ya zarce na safe. Amma ita ma alkama ce, kuma ta bi burodi wajen hawa.

Akwai kuma littafin bashi, wanda a ganin wannan marubuci shi ne ainihin jarin mai shayi, ba tebur ba. Ɗan ci-rani da ya sauka Ikko ba shi da ko sisi yakan ci a rubuta har ya sami aikin dako ko gadi. Mai gadi yakan biya a ƙarshen wata. A da, kafin wayar hannu ta yawaita, wurin mai shayi ake ajiye kuɗi da saƙo, shi ne ya san direban da zai tashi zuwa Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Wannan amana ce ke riƙe masa masu ciniki, ita ce kuma ke karya shi idan abubuwa suka tsananta, saboda mai kawo burodi da mai kantin da ke ba shi katon ɗin madara ba sa jiran ƙarshen wata. An ga haka ƙarara a farkon 2023, sa'ad da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi. Mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na kofin shayi a hannu. Tun daga lokacin ne lambar asusu ta fara bayyana a jikin teburin mai shayi, a rubuce a kan kwali, kuma ba ta sauka ba har yau.

Ba mai shayi kaɗai ke ciyar da unguwar ba. Ga mata masu buka da amala da shinkafa, ga masu tallan wake da man ja da ake ci da burodin nan, ga ƙosai da koko a bakin Zango, da yamma kuma hayaƙin masu tsire ya tashi. Bayarabe na cin tsire, Bahaushe na cin amala, ba wanda ke tambayar wani dalili. Waɗannan masu abinci sun gamu da nasu ƙarin kuɗin a watan Janairu na 2024, da Gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da fararen mazuban nan na soso da ake zuba abinci a ciki, saboda yadda suke toshe magudanan ruwa.

Cefanen gida kuwa tushensa kasuwar Mil 12 ce da ke yankin Ketu, inda manyan motoci ke sauke tumatir daga Kano da Katsina da Kaduna, albasa daga Sakkwato da Kebbi, doya daga Binuwai da Neja. Tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce daga Kano, kuma tumatir ba ya jira. Kwandon da ya kwana uku a hanya, ana tsayar da motar a shingaye ana karɓar na goro, na ƙasansa ya riga ya dame kafin a sauke. Dillali ya cire la'adarsa, ɗan dako ya karɓi nasa, mai sari ta biya kuɗin mota zuwa Agege, ta biya tikitin ƙaramar hukuma, sa'an nan ta kasa shi kashi-kashi a faranti. Abin lura a nan shi ne babu abin da ake zubarwa: wanda ya fashe ma yana da kasuwarsa a wajen masu buka da matan da kuɗin cefanensu bai kai ba. Ma'auni ma daban yake da na Arewa. Mudu da tiya ba su da tasiri a nan; da gwangwanin derika da robar fenti ake awon shinkafa da wake da garin rogo, kuma ɗan kasuwar da ya zo daga Dawanau ba tare da ya iya juya lissafinsa zuwa waɗannan ba zai sha mamaki.

Yadda unguwa irin Agege ta dogara da wannan doguwar hanya ya fito fili a ƙarshen Fabrairu na 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa suka yi tashin gwauron zabo a Ikko, a Arewa kuma suka yi kwantai a hannun manoma har wasu suka ruɓe. Kowane ɓangare ya ji a jikinsa kafin a sasanta a farkon Maris. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin Naira a wata mai bi masa sun ƙara wa kuɗin dako nauyi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa ƙididdigar hukuma. Matar gida da ta saba auno robar fenti ta koma derika, mai derika ta koma ƙulli.

Wannan saye na kaɗan-kaɗan ba sabon abu ba ne ga manyan kamfanoni. Tun 1993 madarar Cowbell ta shigo kasuwa cikin ƙananan ledoji, sauran kuma suka bi sahu, har ta kai yau man gyaɗa da tumatirin gwangwani da sabulun wanki duk ana samunsu a ƙulli na yini ɗaya. Talaka ya fi biya da tsada ta wannan hanya idan aka haɗa lissafin wata, ya kuma san da haka, amma kuɗinsa kullum-kullum suke shigowa, kullum-kullum kuma suke fita.

Ita ma fuskar unguwar tana sauyawa. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, a shekarar ne kuma sabon jirgin ƙasa na Ikko zuwa Badun ya fara tsayawa a sabuwar tashar Agege. Jirgin cikin gari na jan layi, mai tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024. Ayyukan sun tashi masu kasa kaya da yawa daga gefen dogo, inda aka daɗe ana ciniki a kan layin kansa, kuma kuɗin hayar shago kusa da tasha ba na mai tebur da benci ba ne. Da yawansu sun ja da baya zuwa cikin lunguna, inda masu wucewa ba su kai na bakin titi ba, amma masu cin bashi suna nan yadda suke.