Kason Magidanta a Lissafin Arzikin Ƙasa

Duk shekara masu ƙididdiga kan haɗa darajar kaya da ayyukan da ƙasa ta samar, su kira jimillar GDP. Daga nan sai su bi sawun inda kayan suka tafi: wasu gwamnati ta saya, wasu an zuba su a jari, wasu an fitar da su waje, sauran kuma sun shiga gidajen mutane. Wannan na ƙarshe shi ne kason magidanta, kuma a yawancin ƙasashe shi ya fi kowanne girma. Cefane na ciki, haka kuɗin haya, kuɗin mota, magani, kuɗin makaranta da katin waya. Har hatsin da manomi ya zuba a rumbu ya ci da iyalinsa ana yi masa kuɗi a saka, ko da bai taɓa leƙa kasuwa ba. Ginin sabon gida kuwa cikin jari ake lissafa shi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ɗaukar girman wannan kaso a matsayin alamar jin daɗi. A Amurka ya kai wajen kashi 68 cikin ɗari, a Sin kuwa yana wajen kashi 40. Basine ba rowa ke hana shi kashewa ba. Yana tara kuɗi ne saboda tsufa da jinya da sayen gida, tunda tallafin hukuma ga mutanen karkara bai taka kara ya karya ba, gwamnati kuma ta daɗe tana karkatar da dukiya zuwa masana'antu da hanyoyi da layukan dogo. Yau shugabannin Sin da kansu ke neman yadda jama'arsu za su ƙara sayayya.

Ƙasashe matalauta da dama kuwa kasonsu ya kai na Amurka, wasu ma sun zarce. Ba wadata ce ta kawo haka ba. Abin da aka samu da safe ya ƙare a tukunya kafin dare, babu rarar da za a ajiye, balle a yi jari da ita. Alƙalami ɗaya ne a takarda, amma rayuwar da ke bayansa ta sha bamban.

Shi ya sa nake ganin tambayar da ta fi amfani ita ce: a kan me ake kashe kuɗin? Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya na 2019 ya nuna magidanta sun kashe kimanin naira tiriliyan 40, kuma kusan kashi 57 cikin ɗari ya tafi ne a abinci. Sufuri da lafiya da ilimi kowanne ya tsaya wajen kashi 6. Tun 1857 wani Bajamushe masanin ƙididdiga, Ernst Engel, ya lura cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon yadda abinci ke cinye abin da yake samu. Gidan da ciki ya lashe fiye da rabin kuɗinsa ba shi da wurin ja da baya idan farashi ya tashi.

Farashin kuma ya tashi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A irin wannan lokaci yawan nairar da gidaje ke kashewa na ƙaruwa, alhali mudun da ake aunowa na raguwa. Don haka idan ka ji an ce sayayyar magidanta ta ƙaru, bincika ko an cire tasirin hauhawar farashi daga lissafin. In ba a cire ba, ƙarin na iya zama tsadar masara ce kawai, wadda maigida ya cike gurbinta da jinkirta zuwa asibiti, ko riƙe yaro a gida zango guda har a samu kuɗin makaranta.