Kuskuren da na'ura ba ta gani a rubutun Hausa

A ce ɗan cirani daga Barmu yana Abijan, ya turo wa ƙanensa saƙo ta WhatsApp: "bata kudin". Abin da yake nufi shi ne "ba ta kuɗin", wato a miƙa wa mahaifiyarsu. Amma da yake ba ƙugiya, ba tazara, mai karatu na iya ɗaukar sa "ɓata kuɗin". Manhajar duba rubutu ba ta da hanyar raba wannan gardama, don aikinta na asali ta duba ko kalma na cikin jerin da aka ɗora mata. In tana ciki, shi ke nan, ta wuce.

A Hausa wannan giɓi ya fi faɗi, saboda rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na iya zama birni irin Tawa, na iya zama na tuwo. "Fari" launi ne, kuma shi ne rashin ruwan da ya ƙona yankin Adar a 1973 da 1984. Mai albasa a kasuwa "ya kasa" hajarsa kashi-kashi. Wanda lissafi ya gagara shi ma "ya kasa". In aka cire wa "ƙasa" ƙugiya, ita ma ta shiga sahunsu. Duk kalmomi ne na gaskiya, babu wadda za a ja wa jan layi.

Abin da ya fi ciwo shi ne inda na'urar ke tsawatar wa mai gaskiya. Ba'adare na cewa "tahi" da "hita", inda Bakano ke cewa "tafi" da "fita". Wannan Hausa ce mai ƙa'idarta, har masanin harshe Bernard Caron ya yi mata littafi guda a 1991. Jerin da aka gina kan daidaitacciyar Hausa kuwa yakan ɗauke ta kuskure. Haka harafin ƴ na ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999, wanda Nijeriya ke rubutawa 'y. Ga kuma wayoyin da aka saita da Faransanci, masu saurin juya kalmar Hausa zuwa wata ta Faransanci. Ba mamaki mutane da yawa sun fi son saƙon murya.

Faransancin ma bai tsira ba. Ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa zai iya rubuta "ses" a gurbin "ces", nahawu ya tafi daidai, ma'ana ta kauce.

Tun da dokar Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ana sa ran takardun ofis da na makaranta cikin Hausa za su ƙaru. Za su buƙaci malamai da masu gyaran rubutu da suka san ƙa'ida, suka kuma san Adaranci, kuma horar da su ya kamata a sa gaba tun yanzu.