Motsin Ido a Matsayin Maganin Razana

Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan karin magana ya taɓo asalin wata cuta da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar cikin kundinsu a shekarar 1980, watau razanar da kan zauna a zuciyar mutum bayan masifa ta wuce. Sojan da ya dawo daga fagen fama, ko wanda ya tsira daga hatsarin mota, sai ya riƙa ganin abin a mafarki da farke, barci ya ƙaurace masa, ƙarar rufe ƙofa ma ta sa shi zabura.

A shekarar 1987 wata Ba'amurkiya mai nazarin halayyar ɗan Adam, Francine Shapiro, tana tafiya cikin wani lambu, sai ta lura tunanin da ke damunta yana sassautawa idan idanunta suna kai da komo. Ta jarraba wannan a kan mutum 22, cikinsu har da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam, ta buga sakamakon a 1989. Daga nan aka sami hanyar jiyya da ake kira EMDR.

Ga yadda ake yi. Likita ya fara sauraron tarihin majiyyaci, ya koya masa dabarun kwantar da hankali. Sa'an nan majiyyacin ya kawo hoton abin da ya fi tayar masa da hankali, ya auna zafinsa daga 0 zuwa 10. Yana riƙe da hoton a ransa, idanunsa na bin yatsun likita dama da hagu kamar rabin minti, a tsaya, ya faɗi abin da ya zo masa, a sake. Haka za a yi ta yi har zafin ya sauka.

To, me ke kawo sauƙin? Masana a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun nuna cewa hankali ba ya iya ɗaukar kaya biyu masu nauyi lokaci guda. Idan aka raba shi tsakanin tuna masifa da bin yatsa, sai hoton ya dushe, ya koma ma'ajiyarsa da ƙarancin raɗaɗi. Wasu kuwa suna ganin fuskantar abin tsoron ne maganin, motsin idon ƙari ne kawai. Duk da wannan saɓani, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya EMDR cikin hanyoyin da ta amince da su.

Amma fa aikin na ƙwararre ne, domin tono masifa ba tare da shiri ba kan ƙara wa ciwo gishiri. Ƙasar da ta sha rikici, kamar Arewa maso Gabashin Nijeriya tun 2009, lalle tana bukatar masu wannan horo a asibitocinta.