Wa Ya Fi Surutu? Maganar Maza da Mata a Zangon Agege

Da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa jin ana cewa mata sun fi maza surutu ba. Wannan maƙala za ta duba zancen ta fuskar ilimin walwalar harshe, tare da misalai daga Hausawan Agege da ke Legas.

Bari mu fara da ƙidaya. A shekarar 2006 wata likita a Amurka, Louann Brizendine, ta rubuta cewa mace tana furta kalmomi 20,000 a rana, namiji kuwa 7,000 kacal. Maganar ta bazu a duniya, alhali babu wani bincike da ta dogara a kansa. A 2007 Matthias Mehl da abokan aikinsa suka rataya wa ɗalibai 396 na Amurka da Meziko na'urar ɗaukar murya, sai suka tarar kowane jinsi yana furta kimanin kalmomi 16,000. Wanda ya fi kowa zuba, mai kalmomi kusan 47,000, namiji ne. Wani bincike mafi faɗi da ya fito a 2025 ya nuna matan da ke tsakanin shekara 25 da 64 sun ɗara maza da kimanin kalmomi 3,000. Bambanci akwai shi ke nan, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Waɗannan alƙaluma ba na Hausawa ba ne. A wajenmu abin tambaya shi ne: a ina ake maganar, kuma wa ke sauraro? Cinikin goro da na shanu ne suka zaunar da Hausawa a Agege, kuma aikin dillali a bakinsa yake. Mai dillancin shanu a Oko-Oba yakan wuni yana taya da albarka, da yamma ya zarce majalisa a ɗora hirar siyasa da ƙwallo har bayan isha. Ba mai kiran wannan surutu. Ciniki ne ko shawara. Amma mata uku su haɗu a tsakar gida ko gidan suna, sai a ce sun cika gari da hayaniya. A ganina, ma'aunin ne bai zama ɗaya ba.

Inda bambancin ya fito fili shi ne salo. Kunya takan hana mace kiran sunan mijinta, sai ta ce Malam ko Maigida, haka ma ɗan fari da surukai. Wanda aka hana faɗa kai tsaye kuwa yakan ƙware a zagaye, shi ya sa habaici da gugar zana suka fi kaifi a bakin mata, musamman tsakanin kishiyoyi. Dubi karin maganar nan, "Ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu." Akwai kuma kalmomin motsin rai kamar "ni 'yasu!" waɗanda in namiji ya furta sai a yi masa kallon ɗan daudu. Wannan kaɗai ya nuna salon koyonsa ake yi.

Zaman Legas ya ƙara wani abu. Namijin da ke wuni a kasuwa yakan surka Hausarsa da Yarbanci da Turancin buroka, matar kulle da aka auro daga Arewa kuwa takan riƙe karin harshen garinsu. Sai dai 'yan matan da aka haifa a Agege suka yi boko tare da 'ya'yan Yarbawa ba sa bin wannan tsari, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa.

Ɗalibin da zai je tattara bayanai ya san cewa gidan matan aure ba shiga ne. In namiji ne, rikodarsa za ta cika da muryoyin zaure da majalisa, matar da ya yi wa tambaya kuma ta amsa masa a taƙaice daga bayan labule. Sai ya nemi abokiyar karatu ta shiga ciki ta ɗauko masa hirar tsakar gida.