Ƙauyen Da Ke Cikin Da'irar Duwatsu A Ingila

Duk wanda ya ji labarin tsofaffin duwatsun Ingila, Stonehenge yake fara tunawa. Amma kimanin mil 20 arewa da shi, a lardin Wiltshire, akwai Avebury, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Faɗin da'irar ya wuce ƙafa 1,000, har wani sashe na ƙauyen yana zaune a cikinta.

Fiye da shekara 4,000 ke nan da aka kafa duwatsun, wajen guda 100 a babbar da'irar, waɗansu nauyinsu ya kai tan 40. An kewaye su da ganuwa da gwalalo mai zurfin kusan ƙafa 30, kuma da ƙahon barewa aka haƙa shi, domin mutanen ba su san ƙarfe ba.

Zamani bai taɓa duwatsun da yawa ba, maƙwabta ne suka yi musu illa. A ƙarni na 14 mutanen ƙauyen suka riƙa haƙa ramuka suna binne su. A 1938 aka tono ƙasusuwan wani mutum a ƙarƙashin ɗaya, tare da almakashi da 'yan kuɗin azurfa na wancan ƙarni, shi ya sa ake ce da shi wanzami. An daɗe ana cewa dutsen ne ya danne shi, amma binciken baya ya nuna mai yiwuwa gawarsa aka binne a nan.

Ɓarnar ƙarni na 18 ta fi muni. Sai a hura wa dutse wuta, in ya yi zafi a kwara masa ruwan sanyi, a bi shi da guduma, a kwashi gutsattsarin a yi gini. Wani likita, William Stukeley, ya ga ana yi. Bai iya hanawa ba, sai ya zana abin da ya rage, ya buga littafi a 1743.

Wanda ya ta da su shi ne Alexander Keiller, magajin masu sana'ar dagen lemo a Dundee. Kafin yaƙin 1939 ya sayi filin, ya tono waɗanda aka binne ya tsayar, inda dutse ya ɓace kuma ya kafa alamar siminti. Sai dai gyaran ya ci gidaje, aka rushe su, masu su suka koma bayan ganuwa. A 1943 filin ya koma hannun National Trust, a 1986 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

Mashayar Red Lion mai rufin ciyawa ba ta tashi ba, tana nan a mararrabar tsakiyar da'irar. Irin wannan gida shi ne dandalin ƙauyen Ingila, can ake hira da cin abinci, ba giya kaɗai ba. Musulmin da ya je lardin dai ya yi tambaya kafin ya ɗanɗani lardy cake, gurasarsu mai zaƙi ta gargajiya, don da kitsen alade ake yin ta.