SABON KARE A GIDA: UWA, KI KULA!

Maigida ya kawo kare don gadi ko farauta? Baƙon kare a tsorace yake, shi ya sa yake saurin cizo. A ɗaure shi a inuwa, kwanonsa daban, har ya saba da gida. Kada yara su taɓa shi yana cin abinci.

Ya kai wata 3? Malamin dabbobi ya yi masa allurar haukan kare, a maimaita kowace shekara.

In ya ciji yaro, ki wanke wurin da sabulu da ruwa, minti 15, ki kawo shi asibitin Karaye ko na Rogo ran nan. Cutar tana cikin yawun kare. In ta bayyana, ba magani.

Rigakafi ya fi magani!